Ranar da Kafinta Ya Nemi Aski

Tari ne ya kai mijina asibiti, tarin ƙurar katako irin na kowane kafinta. Tarin ya warke, hoton ƙirjin ne ya jawo mana aiki. Likita ta ce a saman zuciya ta ɓangaren dama akwai wani ɗan lungu mai kama da kunne, to nasa ya kumbura ya zama jaka. Jini na iya daskarewa a ciki, tana iya fashewa. Ba kasafai ake ganin irinta ba, har ɗalibai aka kira suka sha kallo. Ko a yanke ta, ko a sa mata ido. Shi ya ce a sa ido.

Kaya mai nauyi kawai likita ta hana shi ɗauka. Sauran dokokin mu mutanen gida muka ƙara. Aka kashe rediyo, aka hana jikoki guje-guje, labari mara daɗi kuwa a bakin ƙofa nake tare shi. Na gaji da murmushin dole, kumatuna har ciwo suke.

Sai mai askinsa ya rasu, amininsa tun suna samari. Muka ja bakinmu muka yi gum. In ya ce zai je aski, in ce rana ta yi zafi. Gobe in ce kwalliyar me zai yi, ai ni na riga na saya. Gashi ya taru har ya rufe masa kunne, ƙarshe na ɗauko almakashina na zaunar da shi a kujerar da ya ƙera.

"Ke, hannunki rawa yake," ya ce.

"Tsufa ne."

"Shi ma haka yake cewa, Allah ya jiƙansa."

Almakashin ya tsaya.

"Ranar da muka koma asibiti, a hanyar dawowa na ga shagon a kulle, an jera benci a ƙofar gidansa. Na yi shiru ne don kada hankalinki ya tashi. A banɗaki na yi kukana." Ya kaɗe gashin da ya zuba a cinyarsa. "Ko gaisuwa ban je na yi wa iyalinsa ba. Wannan ba zama ba ne. Gobe ki kira likita, a yanke jakar nan."

"In kuma ba ka tashi ba fa?"

"To, ai wannan labarin ba sai kin ɓoye min ba. Ƙarasa ɗaya gefen, zan je gidansa."