Jan Kifin Ankul Yap

Tabarau, silifas, waya mai tsagaggen gilashi, rigar barci. Su na riƙo a leda cikin tasi, daga asibiti zuwa unguwarmu Cheras. Korona ta kashe Ankul Yap da safe. 'Yarsa Mei Fong tana killace a gida, sai aka danƙa mini kayan.

Shekara huɗu ina haya a saman shagonsa, inda yake sayar da miyar kan kifi. A goshin shagon akwai jan kifi na fitilar neyon, tsawon mutum biyu. Mahaifinsa ne ya lanƙwasa gilashin da wuta. Mai ginin yana so a sauke shi, wani kamfani zai kafa allon talla. Kansilan unguwar ya yi wa kowa alkawari, sannan ya tura maganar ga kwamiti. Za su zo dubawa cikin sati biyu, ba su faɗi rana ba. In sun tarar yana ci, a bar shi a matsayin kayan tarihi. In ya mutu, a cire.

Maganarmu ta ƙarshe da Ankul Yap a waya ce, yana haki. Bai ambaci jikinsa ba. Tambaya ya yi ko kansilan ya kira.

Da magariba kifin bai kama ba. Mei Fong ce ta kashe. Ta bayan ƙofa ta ce mini a al'adarsu ba a nuna ja a gidan makoki, sai an yi kwana arba'in da tara. Washegari na ga wakilin mai ginin a tsallaken titi yana ɗaukar hoton kifin a kashe.

Datti, abokin hayata, ya tuna mini jirgina na komawa gida Alhamis ne, kuma wata bakwai na yi ina jiran kujera.

"Dokta, ka kama gabanka. Kifin da ko romonsa ba a sha?"

Na koma ƙofarta, na tambaya ko dokar ta hau kan ɗan haya. 

"Hannuna ba zai taɓa shi ba, Taju," ta ce. "Kai kuwa ba ɗan gidan nan ba ne."

Makunnin yana wani ɗan ɗaki a ƙarƙashin bene. Na ɗaga shi. Kifin ya yi ƙugi, ja ya kwanta a kan jiƙaƙƙen titi, babu kowa a kai.

Na ja ƙofar na rufe. Datti na tsaye a matakala.

"Ba zan tafi Alhamis ba," na ce.