Bas Mai Lamba Tara

"A hankali dai! Mutum ne, ba buhun siminti ba," in ji tsohon direba, yana ƙanƙame da hannun kekensa na marasa lafiya. Surukinsa da maƙwabta biyu ne ke sauko da shi daga hawa na huɗu, suna haki. Lif ɗin gidan ya lalace tun farkon sanyi, tun lokacin kuwa tsohon bai ga titi ba sai ta taga.

Jan Biro yana tsaye a ƙofarsa a hawa na biyu, da littafi a hammata, yana jira su ba shi hanya. Shekara talatin ya yi yana gyaran rubutu a gidan jarida, a can ya samo sunan, a can kuma ya gane cewa yawancin mutane ba su da abin faɗa amma ba sa yin shiru. A ganinsa tsohon direban nan shi ne shugabansu. Mutum ya yi shekara talatin da biyar yana jan bas ɗaya a hanya ɗaya, har aka daina kiransa da komai sai Lamba Tara, kuma yana alfahari da hakan.

"Jan Biro, ashe kana raye!" in ji Lamba Tara.

"Ina nan. Kai ma na ga an ɗaga tafiyar."

'Yar tsohon tana biye da kula da tabarma, idonta a waya. Hutun kwana uku ne, sanyi ya wuce, bishiyoyi sun yi fure, ita kuma ta samo wani jeri: hanyoyi goma na shaƙatawa ba tare da an bar gari ba. An kai zamanin da sai waya ta gaya wa mutum cewa ana iya zama a kan ciyawa.

Lambun shaƙatawar yana tsallaken titi. A nan Jan Biro yake karatu kullum a benci ɗaya, yau kuwa ya tarar wasu sun baje a kai suna cin kaza da kiɗa. Duk garin ya fito neman shiru, kowa da lasifikarsa. Dole ya raɓa kusa da maƙwabtan nasa.

Suka ajiye tsohon a ƙarƙashin wata bishiya mai farin fure, suka kifa masa hular rana, suka gyara masa bargo. Hoto goma sha biyu Jan Biro ya ƙirga kafin wani ya tuna ya ba shi ruwa.

"Ku kai ni bakin titi, wajen tsayawar bas," in ji tsohon.

"Haba Baba! Cikin hayaƙi? Likita cewa ya yi iska mai kyau."

"Ni na san iskar da nake so."

"Baba, nan ne na farko a jerin," in ji surukin, yana nuna masa waya kamar takardar kotu.

Na biyu a jerin shiga kwale-kwale ne a tafkin lambun, tafkin da agwagwa ma ke tsayawa a cikinsa da ƙafa. 'Yar ta juyo wajen Jan Biro. "Malam, don Allah ka ɗan duba mana shi, tunda kai ba inda za ka." Suka tafi bin layi.

Tsohon ya bari sai da suka yi nisa. Numfashinsa yana fita da ƙara kamar tsohuwar taya.

"Tura ni."

"Ni ba ɗan dako ba ne."

"Na sani. Ɗan dako yana da amfani. Tura ni, Jan Biro. Wata huɗu ina jin bas ɗina daga sama, ban gan ta ba. Ka ga yadda suka sha wuyar sauko da ni. Idan suka mayar da ni, ba a keke zan sake saukowa ba."

Jan Biro ya buɗe littafinsa. Layi ɗaya ya karanta sau uku. A irin wannan lokacin ne, shekara shida da suka wuce, matarsa ta ce ya fito da ita ta ga furen nan. Ya ce bari ya ƙarasa shafi, gobe ma rana ce. Ya ƙarasa shafin. Har yau yana iya tuna shi, babu kuskure ko ɗaya.

Ya rufe littafin, ya ɗora wa tsohon a cinya, ya kama keken.

Wajen tsayawar bas ɗin benci ne na ƙarfe da rumfa mai tsatsa, ƙasa duk guntayen sigari. Tsohon ya cire hular rana ya jefar, ya shaƙi hayaƙi kamar turare.

Lamba huɗu ta wuce. "Ka ji birkin nan? Ƙafarsa katako ce." Lamba goma sha ɗaya ta wuce. "Wannan lasisinsa a kasuwa ya tsinta." Jan Biro bai taɓa zaton akwai wani jan biro a gidan ba.

"Taka fa?" in ji Jan Biro.

"Ranar hutu sau ɗaya take zuwa a awa. Saura minti goma." Ya yi tari mai tsawo. "Matarka, Allah ya jiƙanta, kullum sai ta makara. Ina hango ta a madubi tana gudu da jaka, sai in yi kamar ina gyara kujera."

"Ba ta taɓa gaya mini ba."

"Ka taɓa tambaya?" Ya gyara bargon. "Idan ta iso ka ɗaga mata hannu. Ba shiga zan yi ba. So nake in ji ƙofar ta buɗe."

Jan Biro ya zuba wa titin ido. Minti goma suka cika, babu ita. Ya juyo zai ce ashe 'yan baya ma sun gaji shiririta, sai ya ga littafin ya zame ƙasa, hannun tsohon yana reto a gefen taya. Ya san irin wannan shirun. Ya taɓa wuyansa, ya yi salati a hankali, ya shafa masa idanu, ya mayar da hannun cikin bargo.

Ta bayan shingen lambun ana jin muryar surukin: "Ina suka shiga? Wa ya ce ya fita da shi? Saura hoton bakin ruwa fa!"

Jan Biro ya mayar da idonsa kan titi. Can ƙarshen titi ga ta nan tafe. Ya miƙe, ya ɗaga hannu.

Bas ɗin ta tsaya daidai gabansu, ƙofar ta buɗe da dogon huci. Direban ya leƙo. "Baba, za ku shiga ne? In sauke muku matakin keke?"

"A'a," in ji Jan Biro. "Ka makara da minti shida."

Direban ya ɗan jira, sannan ƙofar ta rufe. Iskar tashin bas ɗin ta ɗaga wani farin fure da ya maƙale a bargon tun daga lambu, ta ajiye shi a kan kwalta.