Gadon da Ba Shi da Ƙarƙashi

Shekarar da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, kowa a Birnin Kudu ya tashi da sayayya, har waɗanda ba su taɓa taka ƙofar ofis ba. Badaru direba na cikinsu. Motarsa ta kaya, wadda a da gyaɗa da dawa take ɗauka daga Gwaram zuwa Kano, yanzu siminti da kwanon rufi da kekuna take dawowa da su, ba ta wuni a tasha. Ya rushe ɗakin ƙasa ya gina na bulo, ya sayi rediyo mai jaka. Duk da haka hankalinsa ba a kwance yake ba, don matarsa Mairo tana da ciki wata takwas, kuma wannan ne na uku.

Biyun farko a Dingaya ta haife su, gidan iyayenta, babu wanda ya zo da rai. Na biyun ma ya kusa tafiya da ita, don kwana biyu ta yi tana naƙuda, ruwa ya yanke hanya. Wannan karon nas ta asibiti ta gaya wa Badaru ba tare da ɓoye-ɓoye ba cewa a asibiti matar nan za ta haihu, kuma bayan ta haihu kada ta yi nisa da shi. Tun daga ranar tsoro ya zauna masa a ciki.

Wuyar aikin ita ce Inna Batulu, uwar Mairo. A wurinta, mace a gaban uwarta take haihuwa, a can ta yi wankan jego na kwana arba'in. Badaru kuwa ba shi da bakin yi mata gardama, don shekara takwas da auren, abin da ke haɗa shi da surukarsa bai wuce gaisuwa ba, a durƙushe, daga nesa, kai a sunkuye. Yayarsa Hapsatu ce ta yi sawu uku zuwa Dingaya kafin tsohuwar ta sauko. Ta ce tunda abin ya zama haka, ita za ta zo Birnin Kudu ta yi wa 'yarta wankan a ɗakinta.

Murna ta sa Badaru ya rasa abin da zai yi. Ya ga ya kamata surukarsa ta zo ta ga 'yarta a cikin daɗi, sai ya nufi shagon Malam Dabo kafinta a bakin babban titi, wanda ya yi shekaru yana koyon aiki a Kano ya dawo da sababbin dabaru.

Gadaje uku Malam Dabo ya nuna masa. Na farko na fomeka ne mai madubi, har da ɗan gurbin ajiye rediyo. Badaru ya ƙwanƙwasa shi, ya ji ƙarar holoƙo, ya ce a'a. Na biyu katako ne zalla mai sassaƙa, amma ya ce ya yi kama da na tsofaffin alƙalai. Na ukun yana can ƙurya, an lulluɓe shi da leda. Da aka yaye, Badaru ya ƙura masa ido. Gadon ba shi da ƙafafu, zaune yake daram a ƙasa kamar dakali. Ƙashinsa katakon maɗaci ne, an bi shi da soso mai kauri, an lulluɓe da karan-miski kore, allon kansa ya kai ƙirjin mutum, an dasa masa maɓallai jere-jere sun lotsa ciki. Babu waya ko ɗaya a jikinsa, a kan alluna katifa take zama, saboda haka ko mutum ya kwana yana juyi ba mai jin motsinsa.

Ba za a ce Badaru ya yi gaggawa ba. Ya zauna a kai, ya tashi, ya sake zama. Ya cire hula ya jingina da allon. Ya tambayi ko gara na cin katakon, ya tambayi ko kuɗin-cizo na samun maɓoya a ɗinkin, ya sa aka juya gadon ya ga irin ƙusar da aka buga. Ya fito da igiyar da ya auno ƙofar ɗakinsa da ita ya gwada tsawo da faɗi. Har launi sai da ya yi shawara da kansa, ya bar ja don kada ya ƙara wa ɗaki zafi. Malam Dabo ya ƙara masa da cewa gadon nan ko ƙura ba ta da hanyar shiga ƙarƙashinsa, balle ɓera. Badaru ya ji wannan ya ce ai shi ke nan, an gama magana.

Ɗaki ba zai ɗauki gado biyu ba. Tsohon na Mairo na ƙarfe ne mai rumfa, fentinsa ya koɗe, ko kaza ta hau shi sai ya yi ƙara. Ana nan sai Badaru ya tuna da Baba Barau, maigadin tasha, mutumin Gwaram, wanda zai aurar da 'yarsa, kuma kullum zancensa ke nan bai sami gado ba. Ya tambayi Mairo ko a ba shi. Ta dubi ƙasa ta ce, "To." Badaru ya san kukan inji kowane iri, daga nesa zai gaya maka abin da ke damun mota, amma bai san "to" ɗin mace iri-iri ba ne. Washegari ya ɗora gadon a kan buhunan siminti ya kai Gwaram, ya dawo yana jin ya yi aikin lada.

Bayan mako biyu Inna Batulu ta iso da hantsi, da ƙullin kayanta a ka, da wani babban kasko a hannu. Ta sha ruwa, aka gaisa, sannan ta shiga ɗakin 'yarta. Kaskon nan shi ne rabin aikinta. Mai jego, bayan wankan tafasasshen ruwa safe da yamma, a kan ɗumi take kwanciya. A ƙauye gadon ƙasa ake yi mai murhu a ciki, mai gadon ƙarfe kuwa garwashi ake zuba mata a kasko a tura ƙarƙashi. Tsohuwar ta durƙusa ta tura kaskonta, ya bugi karan-miski ya tsaya. Ta zagaya ɗaya gefen, ta shafa, ta zagaya wajen ƙafa. Ko allura ba ta da mashiga. Ta miƙe ta tambayi Mairo ina gadonta, Mairo ta faɗa mata, murya can ƙasa.

Inna Batulu ba ta yi faɗa ba. Ta fito ta shimfiɗa tabarma a inuwa, ta ajiye ƙullinta a gefe ba ta kwance ba, ta sa aka kira Hapsatu. Ta ce mata jibi idan Allah ya kai mu za su bi motar Gwaram, ita da Mairo.

"Ba fushi na yi ba," in ji ta. "Mai jego ba ta kwana a kan sanyi. Biyu na binne da hannuna. In sanyi ya shiga jikin uwar a gabana, me zan ce wa Allah?"

Hapsatu ta same shi a zaure ta isar da saƙo. Badaru ya tashi zumbur. Ya ruga wurin Malam Dabo ya ce a fafe gefen gadon a yi wa kasko ƙofa. Kafintan ya dube shi da kyau ya ga da gaske yake, sai ya ce ko za a ba shi motar Badaru kyauta ba zai yi ba, don soso da wuta ba su haɗa hanya, kafin a ɗebo ruwa ɗakin ya tashi. Ya dawo ya ce da Hapsatu ta gaya wa Inna zai sayo sabon gadon ƙarfe daga Kano, wanda ya fi tsohon. Hapsatu ta shiga ta fito, ta zauna kusa da shi.

"Kai har yanzu ba ka gane ba," ta ce. "Shekara uku Inna ta yi tana matsar mai da suyar ƙuliƙuli kafin ta sayi gadon nan. Na Mairo ne, ba naka ba. Kuma an gan shi a kan mota a Gwaram. Matan Dingaya har sun fara zuwa yi mata jaje, wai an kwaso wa 'yarta kaya da tsohon ciki. Wanda ta kawo take so ta gani."

Wunin ranar Badaru bai ci abinci ba. A garin nan mutum ya ci bashin kunya iri-iri a manta, amma wanda ya yi kyauta ya koma ya karɓe, har jikokinsa sai an gaya musu. Ya auna wannan, ya auna hanyar Dingaya da damina ta fara sauka, ya ga ba su yi kusa da juna ba. Da safe ya sa aka ɗora koren gadon a mota, ya ɗaure shi da igiya, ya kama hanyar Gwaram.

Ya tarar da Baba Barau a ƙofar gidansa yana gyaran fartanya, don ya ɗauki hutun biki bai koma tasha ba. An ɗaura aure tun makon jiya, amarya ta tare, an yi mata jere. Tsohon ya tashi da murna zai shimfiɗa masa buzu, Badaru ya ƙi, ya tsuguna a ƙasa. Ya yi gaisuwa ta fi sau biyar, ya tambayi gona, ya tambayi gajiyar biki, maganar ta ƙi fitowa. Daga ƙarshe ya rufe ido ya faɗe ta.

"Baba, kyautar da na yi maka ba tawa ba ce. Roƙo na zo yi."

Ya kwashe labari duka ya gaya masa, har da biyun da aka binne. Baba Barau ya daɗe yana kallon fartanyarsa. Ba a ga ɓacin rai a fuskarsa ba.

"Na ji," in ji tsohon. "Amma ni ma yanzu ba nawa ba ne. Sai an tambayi mai shi."

Suka tafi gidan angon tare. Kafin su isa labari ya riga su, unguwa ta cika da mata a bakin ƙofofi. Aka aika wa amarya gwaggonta. Badaru na tsaye jikin mota, rana na dukansa, yana jin ana cewa ga direban da ya zo karɓar kyautarsa. Wasu suka hau taya suna shafa karan-miskin, wata tsohuwa ta leƙa ta ce gado mai kyau, amma a ina mutum zai tura kwallarsa? Can gwaggon ta fito ta ce amarya ta ce in dai don haihuwa ne a ɗauka, ko ba a ba ta komai ba. Badaru ya sunkuyar da kai, don yarinyar da bai taɓa gani ba ta fi shi sanin abin da ya kamata.

Aikin bai ƙare a nan ba. Sai da aka sauke jeren kwanukan amarya kafin a kwance gadon ƙarfen, koren kuwa ya ƙi shiga ƙofar ɗakin ƙasa. Igiyar Badaru ƙofarsa ta auna, ba ta mutane ba. Ya tuɓe riga ya karɓi gatari, shi da ango suka sassaƙe gefen ƙofar har ya shige, sannan ya kwaɓa ƙasa ya taya shi liƙewa. Mutane na ta dariya, shi kuwa ko a jikinsa, ya riga ya wuce wurin.

Da la'asar ya iso gida, ƙasa har gira. Maƙwabta suka taya shi shigar da ƙarafan, Hapsatu da Mairo suka nuna inda kowanne yake shiga, aka ɗaure rumfa aka shimfiɗa katifa. Shi ya koma zaure ya tsaya jikin bango, inda yake jin abin da ake yi a tsakar gida ba a ganinsa. Ya ji tafiyar tsohuwar ta shiga ɗaki. Ya ji gadon ya yi ƙararsa ta da, alamar ta dafa shi ta gwada. Daga nan shiru, har ya fara tunanin ko duk wahalar banza ya sha.

Sai ya ji ta fito tana magana da Hapsatu, da murya sama-sama yadda za ta kai zaure.

"Ki gaya wa ƙanin naki itacen da na gani a bayan ɗaki ba zai kai mu ko kwana goma ba. Ya samo na kirya, mota guda. Kuma a nemo mini babbar tukunya, ta gidan nan ta yi ƙanƙanta."

Hapsatu ta leƙo zaure don ta isar da saƙo, ta tarar da shi zaune a ƙasa, ya rufe fuska da hularsa, yana kukan daɗi. Ta tsaya kaɗan, sannan ta koma ciki ta ce ya ji.