Silinda ta Uku

"Taka totur har ƙasa, sannan ka murɗa makulli," in ji Baba Gagare. "Kada ka sake sai na ɗaga hannu."

Daudu ya taka, ya murɗa. Tsohuwar a-kori-kurarsa ta yi ta gurnani ba ta tashi ba, don an kwance mata fulogi huɗu an jera a kan buhu. Da tsohon ya ɗaga hannu, sai Daudu ya sauko ya kwance gejin awon matsi daga ramin fulogi, ya kai masa.

"Ɗari da arba'in. Silinda ta farko lafiya lau. Sa a ta biyu."

A ƙofar gidan Gagare ake wannan aiki, a Batsari, an fito masa da kujerar roba yana shan hantsi. Shekara arba'in ya yi yana kanikanci. Wata biyu ke nan ƙafafunsa sun kumbura, numfashi yana yi masa wuya, kuma a asibitin gari an ce sai Katsina. Shatar mota ta fi ƙarfin talaka tun da fetur ya yi tsada, sai Daudu, maƙwabcinsa mai jigilar gero daga Karare, ya ce shi zai kai shi. Gagare ya kafa sharaɗi ɗaya: sai ya auna injin. Kowa ya san hanyar nan, motar da ta mutu a daji, mutanenta ba su cika kwana a gida ba, saboda 'yan bindiga.

Ta biyu ta ba da ɗari da talatin da biyar. Ta ukun ce Daudu ke tsoro. Duk mako sai ya goge fuloginta, baƙi ƙirin, kuma a hawa motar takan yi hayaƙi ta rage ƙarfi. Daidai lokacin tari ya sarƙe tsohon, matarsa Inna Hansatu ta fito da ruwa tana shafa masa baya. Daudu ya juya musu baya, ya cika murfin galan da baƙin mai, ya tsiyaya a ramin fulogin. Ya taɓa ji a tasha cewa mai yana toshe inda iska ke zurarewa, allurar geji ta hau.

Da ya ɗaura gejin ya murɗa makulli, ta hau kuwa. Ɗari da hamsin.

Gagare ya daɗe yana kallon gejin. Ya shafa bakin gejin da ɗan yatsa, ya murza, ya shinshina.

"Ikon Allah! Hansatu, zo ki gani. Ɗanki ya shafa wa tsohuwa hoda, ta koma yarinya."

Daudu ya tsuguna, ya kasa ɗaga ido. "Baba, ba wata tafiya ba ce. Za ta kai."

"Wataƙila."

"Wallahi za ta kai."

"Bar rantsuwa. Idan ba ta kai ba fa? Ni dai 'yan bindiga sun samu kayan da ba ya tafiya, a nan za su bar ni. Kai za su kora gaba. Me zan ce wa matarka Saude da yaranka huɗu?" Ya yi dariya har tari ya dawo. "Amma ƙaryarka ta yi mana aiki. Da bawul ne ya ƙone, ko kwalba guda ka zuba allura ba za ta motsa ba. Tunda ta hau, ringin fistin ne ya cinye. Aika a sayo."

"Malam, kwana nawa ke nan kuma?" in ji Hansatu.

"Uku, idan wannan bai ƙara mata kwalliya ba."

Daudu ya yi ta juya maganar a ransa yana kwance notuna. Idan ya takura an tafi yau, ya sa rai biyu a hatsari. Idan aka jira, wane ne ya ba da tabbacin kwana uku? Ya ci gaba da aiki.

Wani ɗan acaɓa ya kawo ringin washegari. Daudu ya sauke kan inji, ya fito da fistin, Gagare na daga kujera yana nuni da sandarsa. "A hankali, ba sussukar gero kake ba." Direbobi suka riƙa tsayawa gaisuwa, wasu su kawo tambaya, ya amsa ya haɗa da tsiya. Ya sha fura kwano guda, ya nemi ƙari. Rana ta uku da la'asar aka ɗumama injin aka sake awo, silinda huɗun suka zo kusan kai ɗaya. Wannan karon Gagare da kansa ya riƙe gejin a cinya.

"To, yanzu ka samu mota," ya ce. "Gobe da hantsi, idan hanya ta cika da mutane."

Da safe Daudu ya shimfiɗa katifa a bayan motar, ya yi sallama a zaure. Hansatu ce ta fito, mayafinta a karkace. Ta ce Malam ya yi sallar asuba a zaune, ya jingina da bango, bai ƙara motsi ba.

Bayan an dawo daga maƙabarta Daudu ya durƙusa gabanta. "Inna, da mun tafi ran nan…"

"Da ya tafi yana fushi da kai," ta ce. "Kwana ukun nan na ji dariyarsa fiye da ta damina guda. Tashi, ga 'yan'uwansa na Darini can ba su da abin hawa, kai su tun da sauran rana."

Matan suka hau suka zauna a kan katifar. Daudu ya murɗa makulli, injin ya tashi bugu ɗaya. Sai a lokacin ya lura wani cikin masu gaisuwa ya manta kofin ruwa a kan bonet. Ya tsaya yana kallonsa ta gilashi. Injin na aiki, ruwan yana ɗan rawa kaɗan, ko ɗigo bai zuba ba.