Ɓangaren Hagu Ba Ya Tashi

Zabiya ta dire kwalaye uku a kan miksa, na'urar haɗa sauti, daidai inda na sha hana kowa ajiye ko da makulli ne.

"Kunne, ga aikinka. Mai shago ya ba mu aro zuwa gobe da la'asar. Ka saurara ka zaɓa mana ɗaya, guda shida za mu saya."

Kunne ni ne. Shekara ashirin da shida ina haɗa sauti a wuraren taro, goma sha ɗaya daga ciki tare da ƙungiyar wannan baiwar Allah, wadda ita ce mai waƙar, ita ce kuma mai biyan albashi. Ban iya kiɗa ba. Idan na rera waƙa a banɗaki matata kan ƙwanƙwasa ƙofa ta tambaya ko lafiya. Bayana kuma ya daɗe da yin murabus daga ɗaukar lasifika. Abin da ya rage mini na sayarwa shi ne kunnuwan nan biyu.

Iyafis ne a cikin kwalayen, amma ba irin na sauraron waya a mota ba. Irin wanda mawaƙa ke cusawa can cikin kunne a kan dandamali, wayar ta zagaya ta baya, don kowa ya ji muryarsa ba sai an girke masa lasifika a gaban ƙafa ba. Namu lasifikokin na ƙasa sun tsufa, sun koyi kuka a tsakiyar waƙa.

Na ce, "Ranki ya daɗe, ni ban taɓa toshe kunnena da roba ba. Sauti a iska ake jin sa."

"To yau ka ji shi a roba. Akwai kamfanin da ya ce zai kawo kayansa da mutuminsa, komai a haɗe. Na ce musu ina da Kunne. Kada ka ba ni kunya."

Tana murmushi ta faɗa. Na san murmushin, da shi ta sallami mai jitarmu na farko.

Ina rufe miksa na lura maɓallin da ke ƙara tsinin sauti a ɓangaren hagu ya sake zamewa ƙasa, layi biyu cif. Shekara biyu ke nan yana yi mini haka. Sau biyu ina kai na'urar gyara, sau biyu ana ce mini lafiyarta ƙalau. Na mayar da shi inda na bar shi. Makaɗi, wanda ke goge gangunansa a lungu, ya ɗago ya kalle ni, ya ci gaba da gugarsa.

A gida na share teburin cin abinci na baje su. Na farko baƙi ne, a cikin akwati mai laushi kamar na zoben aure, kuɗinsa zai sayi ƙaramin firiji. Na biyu ruwan toka, jikinsa ƙarfe, farashinsa kamar tayar mota biyu. Na uku ja ne, ana ganin hanjinsa ta cikin roba, bai wuce kuɗin takalmi mai kyau ba. Na kunna waƙar da nake gwada kowace lasifika da ita tun ina da gashi a tsakiyar kai. Na san inda mawaƙin ya ja numfashi, na san inda kujerar wani ta yi ƙara.

Na fara da baƙin. Sai da na kwashe minti goma ina neman yadda ake sa shi. Da ya zauna kuwa sai ya zauna kamar an auna kunnena aka ƙera shi. Kansa soso ne, ana murza shi a cusa, ya kumbura a ciki ya rufe duniya. Na daina jin fankar ɗaki. Na fara jin haɗiyar yawuna, abin da ban taɓa sanin yana da ƙara haka ba. Ganga ta sauko da nauyinta, murya ta tsaya a gabana. Sai dai kuge, wanda a waƙar nan daga hagu yake fitowa yana walƙiya, ya fito kamar an lulluɓe shi da bargo.

Na rubuta a bayan kwalin sabulu: mai tsada, daɗi a kunne, hagu ba ya tashi.

Mai ruwan toka ya fi sanyi da nauyi, bayan minti ashirin ya fara danna mini wani ƙashi da ban san ina da shi ba. Amma murya a cikinsa tas take, har ta fi ta baƙin fitowa gaba. Gangar ba ta kai waccan kauri ba. Kuge kuwa yana nan cikin bargonsa.

Ja ya zo da hayaniya. Ganga kamar ana dukan ƙofa, sauran kaya sun cunkushe wuri guda kamar fasinjojin motar haya. Ba shi da nauyi, amma da na yi hamma sai ya fice. Shi ma hagu shiru.

Kamfani uku, farashi uku, ciwo ɗaya. Na sauya robobin kai, ƙanana da matsakaita da manya. Na zare wayar wannan na sa wa wancan. Na bar wayar salula na jona su a rediyon falo. Na hura su, na goge su da gefen riga. Na koma kan baƙin, sai na ji kamar ya fi ɗazu, na koma ja, sai na ji kamar shi ne baƙin. Wajen ƙarfe biyar ban ƙara sanin wanne ne a kunnena ba sai na ciro na duba launi.

Matata ta tsaya a kaina riƙe da faranti. Na ga bakinta yana motsi, na ciro ɗaya.

"Cewa na yi, baban yara, a ƙasa za mu ci ko za ka ɗage asibitin naka?"

"An ba mu jabu. Duka ukun."

"Duka ukun," ta maimaita, a muryar da take maimaita wa yara ƙaryarsu.

Da safe na tafi wurin mai shago, wani siririn mutum mai tabarau a goshi wanda ke kiran kowa yallaɓai, har mai kawo masa ruwa. Na jera masa kwalayen a kan gilashi na yi masa bayani na ƙwararru, da hannu da komai. Ya sa baƙin, ya lumshe ido. Ya sa na biyu. Ya sa na uku.

"Yallaɓai, ni dai ina jin kugen nan har cikin haƙorina."

"Kai mai sayarwa ne, dole ka ji."

"Haka ne, yallaɓai. Ko in buɗe maka sabon kwali?"

Ya buɗe. Na huɗu ma hagu ba ya tashi. Na fito daga shagon ina tunanin ko dai jirgin da ya kawo kayan ne ya jiƙe ta ɓangare ɗaya. Har na tsaya a bakin titi ina lissafa yadda hakan zai yiwu.

Na koma gida na tarar da matata tana ninke wanki. Na zayyana mata duk gwajin da na yi, ba don ta tambaya ba.

Ta ce, "Ka juya?"

"Na juya waya, na juya roba, na juya rediyo."

"Ranar da ƙwan ɗakin girki ya mutu, me ka ce mini? Ka tsayar da ni rabin awa kana koya mini dokar aikinku. A ɗauke abin daga nan a sa shi can. In ciwon ya bi shi, shi ne mai laifi. In ciwon ya tsaya, wurin ne."

"Ai ita ce dokar."

"To ka sa na hagun a dama."

"Ba a yi shi don dama ba. Siffarsa daban."

"Riƙe shi da yatsa mana. Ba taro za ka je da shi ba."

Na ɗauki na hagun baƙin na danna shi a kunnen dama, a karkace, wayar tana reto a kan hancina. Kuge ya taso yana walƙiya kamar an wanke shi. Na ɗauki na daman na kai hagu, na jona masa wayar ɓangaren hagu don kugen ya bi shi. Bargo.

Na maimaita da mai ruwan toka. Na maimaita da ja. Na zauna.

"Wataƙila mura ce," na ce.

"Mura mai shekara uku." Ta ajiye zanen da ke hannunta ta zauna kusa da ni, ta damana. Sai a lokacin na lura kullum ta nan take zama. "Waya a dama kake ɗauka, kai da kake bahago. In kana barcin rana ka kwanta a kan dama, ko tukunya ta faɗi ba ka motsi. Na ce maka mu je a duba, ka ce kunnenka ne ke ciyar da gidan nan."

"Yaushe kika ce?"

"Sau da yawa. Ta hagu nake tsaye, ina ga."

Na tuna shekarun farko, kafin a fara ba mu wuri a tsakiyar zaure, lokacin da teburina ke manne da tulin lasifika a gefen dandamali. Kullum ta hagu suke. Har alfahari nake yi da cewa ba sa damuna.

Saura awa biyu la'asar. Na sake sauraron duka ukun da kunnen dama kaɗai, ɗaya bayan ɗaya, sannan na ɗauki kwalayen na nufi ɗakin atisaye. A hanya na shirya jawabi iri biyu. A na farko babu maganar kunne ko kaɗan.

Zabiya na zaune a kan akwatin lasifika, Makaɗi na ɗaure fatar ganga.

"To, Kunne. Wanne?"

Na fara da jawabi na farko. "Baƙin ya fi kowanne zama a kunne, ya fi toshe hayaniya, amma abin da ya fi mai ruwan toka da shi bai kai bambancin kuɗinsu ba. Jan kuwa da kin buɗe baki sosai zai faɗo, ke kuma aikinki buɗe baki ne. Mai ruwan toka ya fi fito da murya. A sa masa kan soso irin na baƙin, nauyin zai ragu a kunne."

"Madalla. Hagu da dama duk lafiya?"

Ban san me ya sa ta tambayi wannan ba. Na kalli miksa. Maɓallin nan ya sake sauka layi biyu.

"Nasu lafiya," na ce. "Nawa ne na hagu ya tafi. Ba duka ba, saman ne. Yau na sani."

Na jira murmushin. Maimakon haka sai ta juya ta kalli Makaɗi.

"Faɗa masa."

Makaɗi ya sosa ƙeya. "Yaya Kunne, maɓallin nan ba zamewa yake ba. Ni ne. Kana gama saiti ka tafi shan ruwa, sai in zo in rage. In ba haka ba mutanen da ke zaune ta hagu suna fita da ciwon kai."

"Shekara biyu?"

"Da 'yan watanni."

"Sau biyu na ɗauki na'urar nan a kaina na hau bene wurin mai gyara."

"Na taya ka ɗauka a na biyun," in ji shi.

Na rasa wanda zan yi fushi da shi. Na tambayi Zabiya me ya sa ta ba ni aikin zaɓen, tunda ta sani.

"Wa zai faɗa maka ka yarda? Na ce bari roba ta faɗa maka." Ta ɗauki mai ruwan toka ta jujjuya shi. "Da ka zo ka ce mini kayan mutane ne suka lalace, ko ka yi shiru, da gobe na kira kamfanin nan. Mai kunne ɗaya da ya san ɗaya ne zan iya aiki da shi. Naka na dama har yanzu yana jin abin da mu duka ba ma ji. Amma ranar Litinin za ka je asibiti, kuma daga yau ba ka taɓa maɓallin hagu sai Makaɗi ya tsaya can ya ɗaga maka hannu."

"Makaɗi zai koya mini sauti."

"Ai ya daɗe yana yi."

Ta ce a sayo bakwai, ɗaya nawa ne, in riƙa sauraro a hankali ta ciki don kada na daman ma ya bi ɗan'uwansa. Ni da na rantse ba zan toshe kunne da roba ba.

Na koma wurin mai shago da saƙon. Da ya gama ɗaure kaya na tambaye shi, a hankali, ko yana sayar da na dama shi kaɗai a rabin kuɗi.

"Yallaɓai, tare suke zuwa."

Na hagun yana nan cikin kwalinsa a aljihun jakata, sabo fil. Jiya a wurin atisaye Makaɗi ya matso ya tambaye ni ko zan ba shi aro. Ya ce ba wani abu ba ne, nasa na daman ne kwanan nan yake ji kamar jabu aka ba shi.

Na ce masa ya juya tukuna.