Ƙugiyar Dado

"Ɗauko masabar, Tabawa! Ki buga!"

Dado maƙeri ne ke magana daga kan tabarma, tari na neman raba shi da numfashi. Tabawa maƙwabciyarsa ta shigo ne kawai da ɗan kunu, sai ga shi yana nuna mata wani guntun ƙarfe cikin kasko.

"Baba Dado, ni ina na iya masaba?"

"Ki saurare ni. Ƙugiyar da na ƙera wa mijinki, da ƙarfen fatake na yi ta. Ga ragowarsa nan."

Tun da hantsi mijinta Attahir ya tafi yasar rijiyar Falanko, mai gaba arba'in, kuma da wannan ƙugiyar ake zura shi.

Dado bai taɓa sakin baƙon ƙarfe ba sai ya gwada shi sau biyu. Zai ƙwanƙwasa ya ji amonsa. Sannan ya jiƙa guntu cikin ruwan tsamiya da gishiri kwana uku, ya karya, ya duba cikinsa. Wannan karon ciwo ya ci ƙarfinsa, gari kuma na kukan ƙishi, sai ya tsaya ga amo kawai.

"Amon ya yi daɗi, na miƙa masa," in ji shi. "Amma raina bai kwanta ba, shi ya sa na jiƙa wannan. Buga, don Allah!"

Ta ɗora guntun bisa uwar maƙera, ta rufe ido, ta sauke masaba. Ƙarfen bai ko lanƙwasa ba. Ya wargaje kamar busasshen ƙuli-ƙuli, cikinsa duk tsaba-tsaba.

"Wayyo Allah, na kashe ɗan mutane!" Dado ya fashe da kuka. "Ruga, 'yar nan, ruga!"

Ta damƙi tsabar ƙarfen a tafinta, ta ruga. Ai ko mayafi ba ta ɗauka ba. Ƙaya na sukarta, ba ta ji. Ta iske maza shida riƙe da igiya, Attahir ya yi nisa a ƙasa.

"Ku jawo shi! A hankali, kar ku fizga! Ƙugiyar ruɓaɓɓiya ce!"

"Ke, ƙugiyar Dado?" in ji Alhassan, babbansu.

Ta buɗe tafinta, ya ga tsabar ƙarfen. Suka yi ta jan igiyar sannu-sannu, Tabawa na durƙushe a bakin rijiya tana kiran sunan Allah, har kan Attahir ya bayyana.

Ita da Attahir suka koma da gudu su gaya wa tsoho. Suka tarar ya ja jiki har bakin ƙofa, fuskarsa na duban hanyar rijiya, rai ya yi halinsa.

"Baba, ga shi, ya fito," in ji Tabawa, tana kuka. "Ya fito mana!"

Attahir ya rufe masa ido, ya ajiye ƙugiyar bisa uwar maƙera. Ta yi ɗan amo mai daɗi. Kunun na nan gefen tabarma, ya huce.