Tanki Mai Zane Uku

Kwana huɗu babur ɗin Harisu yana jingine a zaurensa a Kusada, tun ranar da ya faɗi a hanyar Mawashi tankin mai ya tsage. Mai walda ya duba ya ce ba ya gyaruwa. Ɗan acaba kuwa in babu babur, zama ba ya karɓarsa. Ya fita bakin titi, ya dawo, ya sake fita. Duk ƙarar da ta wuce sai ya waiga.

A rana ta biyar ya shiga mota zuwa Kankia, wurin Babba mai sayar da kayan babur na hannu. Babba ya tona cikin tarin ƙarafa ya zaro wani jan tanki, duk ƙasansa baƙin datti.

"Ga naka nan, ɗan Kusada. Wanki kawai yake so."

Harisu ya ƙwanƙwasa shi, ya leƙa ciki, ya ga ba tsatsa. Sauri yake yi, bai tsaya tambayar inda ya fito ba.

Da ya isa gida ya kifa shi a tsakar gida, ya sa ruwa da soso yana dirza. Dattin na fita sai ga zane uku da ƙugiya a gefe, an karce su da ƙusa. Hannunsa ya tsaya cak. Ya san wannan shaidar. Ita ce a jikin shanun Modibbo, dattijon rugar bayan Mawashi, ita ce kuma a gindin ƙwaryar nonon da Harisu ya sha kai wa matar Modibbo kasuwa. Wata biyu ke nan da aka sace babur ɗin Modibbo, har yau ba labari.

Ya miƙe, ya zauna, ya sake miƙewa. Duk bakaniken da ya ɗaga tankin nan zai gani, kafin la'asar kuma garin ya ɗauka cewa an ga kayan sata a wurin Harisu.

"Malam, ka shafe shi da fenti mana," in ji matarsa Karima. "Wa ke leƙa ƙarƙashin tanki?"

"Ni na leƙa ai."

Ya ɗaura tankin, ya zuba mai kwalba ɗaya, ya kama hanya. Sau biyu yana rage gudu kamar zai juya. Yana ta shirya maganar da zai fara da ita, tana warwarewa.

Ya tarar da Modibbo a gindin tsamiya yana tufkar igiya.

"A'a, Kaɗo! Ka warke? An ce kai da babur kun yi kokawa ya kada ka."

Harisu bai yi dariya ba. Ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya zayyana masa komai. "Wallahi, Baffa, saye na yi. Ka zo ka ga shaidarka."

Modibbo ya taso a hankali, ya zura hannu ƙarƙashin tankin ya shafa. Ya kai yatsa hanci ya sansana. Sai ya fashe da dariya har sandarsa ta faɗi.

"Nawa ne, ba shakka. Amma ɓarawo bai taɓa shi ba. Tun kafin a ɗauke babur ɗin na cire shi na kai Kankia da hannuna, don yoyo yake yi. Da sabulu nake toshe ramin. Kai dai ba ka wanke shi ba ko?"

"Na dirje shi da soso."

"To, ka dirje maganin!"

Harisu ya dubi ƙasa. Ga ɗigon mai nan ya bi sawun taya tun daga nesa. Ya taka babur sau uku, ya yi tari ya mutu.

Modibbo ya sa aka kawo masa nono a ƙwarya, da guntun sabulu a kan faifai. Harisu ya shanye tas, ya jefa sabulun a aljihu, ya kama ƙahon babur ya fara turawa zuwa Mawashi inda ake sayar da mai. Rana na dukansa, gumi na zuba, amma duk wanda ya gamu da shi a hanya sai da ya tsaya suka gaisa a tsanake.